Ƙodar da Ta Ƙi Yin Shiru

A garin Leadville babu wanda bai san Amadeo Mascarenas da jakinsa ba, kuma duk garin babu wanda ya kai yayarsa Eufemia ƙin jinin jakin nan. Sunan jakin Alcalde, wato magajin gari, don ba ya ɗaga ƙafa sai an roƙe shi. Ya taɓa zura kai ta tagar motarta ya cinye kwandon tamale, wato alalen masara, da ta sha wahalar naɗewa don bikin coci, har da ɓawon masarar bai bari ba. Tun daga ranar ba ta ƙara kiran sunansa ba, sai dai ta ce “wancan ɓarawon”.

Eufemia ce ta raini Amadeo. Tana budurwa uwarsu ta rasu, ubansu kuwa kullum yana cikin ramin ma'adinai, sai ya zama ita ce uwa ita ce yaya. Ta yi aure, mijin ya rasu ba su haihu ba, ta kama aikin girki a makarantar gari har ta zama shugabar ɗakin girki. Muryarta tun daga bakin ƙofar makaranta ake jin ta. Shi kuwa Amadeo, da sanyi yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara, in ƙanƙara ta narke kuma ba shi da zance sai na tseren jakai, wanda mutum ke gudu riƙe da igiyar jakinsa har ƙololuwar mashigin dutse ya dawo. Doka ta yarda ka ja jakin, ka tura shi, ko ka goya shi in kana iyawa, amma ba ta yarda ka hau shi ba. Amadeo ya haura hamsin, duk da haka samari da yawa ƙeyarsa kawai suke hangowa.

Wata Lahadi a farkon watan Yuni, bayan an taso daga coci, ya zo cin abinci gidanta kamar yadda ya saba. Rana tana haskawa sosai, amma ya shigo da rigar sanyi ya ja kujera jikin murhu. Ta zuba masa miyar koren barkono da naman rago. Ya kai cokali biyu ya ture kwanon.

“Yaya, me kika sa a miyar nan? Kamar ina tsotsar ƙusa.”

“Miyata za ka yi wa sharri? Da ita ka yi wayo.”

Ta juyo da ludayi a hannu za ta ƙara masa wata maganar, sai ta tsaya. Mutanen garin nan na saman duwatsu jini fal yake a fuskarsu, yaran makaranta kumatunsu jajur kamar an shafa musu barkono. Amma fuskar ƙanenta ta koma kalar ƙullun fulawa. Ta ajiye ludayin, ta kama haɓarsa kamar lokacin da take wanke masa kunne, ta ja fatar idonsa ƙasa. Fari fat.

“Tun yaushe?”

“Tun yaushe me?”

“Kada ka raina mini hankali. Jiya a gidan mai aka ce mini an gan ka zaune a kan dutse a hanyar tsohon ramin ma'adinai, ɓarawon nan yana tsaye a kanka yana jira. Tunda nake ban taɓa jin jaki ya jira ka ba, kai ne ke jiransa.”

“Tsufa ne, Yaya.”

“Ni da na girme ka ban tsufa ba, sai kai? Ɗaga ƙafar wandonka.”

Idon sawunsa ya kumbura suntum. Washegari ita ta tuƙa shi asibiti, yana mita tana ƙara wa rediyo murya.

Likita Ponikvar 'yar garin ce, ajinsu ɗaya da Amadeo a firamare, ta kuma sha cin abincin Eufemia a gidansu tun suna yara. Ta ɗebi jini, ta sa aka yi gwaje-gwaje, da sakamako ya fito ta kira su ta rufe ƙofa. Ta ce jininsa ya yi ƙasa sosai, amma ba jinin ne asalin ciwon ba. Ƙodojinsa ne suka kusa tsayawa. Hawan jini ne da bai taɓa aunawa ba ya daɗe yana cin su a ɓoye, ga ƙwayoyin kashe ciwo da yake watsawa baki kamar gyaɗa duk ranar da ya yi gudu.

“Ƙoda kuma?” in ji Eufemia. “Likita, ni ƙarar jini na kawo miki, ba ta fitsari ba. Ina ruwan ƙoda da jini?”

“Yaya Femia, a ɗakin girkinki wa ke ɗanɗana miya?”

“Ni mana. Wa zan bar wa?”

“In gishiri bai ji ba fa?”

“In yi magana a ƙara.”

“Magana?” in ji Amadeo daga kan gado. “Ihu dai.”

Likita ta yi dariya ta ce, “To haka ƙoda take. Duk jinin jiki sai ya bi ta cikinta, tana tacewa tana ɗanɗanawa. Abin da take ɗanɗanawa shi ne iskar da jinin ya ɗauko daga huhu. Masu dakon iskar nan su ne jajayen ƙwayoyin jini, kuma ba sa daɗewa. Wajen wata huɗu sun tsufa, saifa ta tsince su, a cire ƙarfen jikinsu a ajiye wa na baya. Saboda haka kullum sai an yi sababbi, kuma a cikin ɓargo ake yin su, na ƙugu da na baya da na haƙarƙari. Amma ɓargo a kulle yake cikin ƙashi, bai san wainar da ake toyawa a waje ba. Ƙoda ce ke aika masa saƙo, wani sinadari da take sakewa cikin jini. In ta ji iska ta yi ƙasa ta ɗaga murya, ɓargo ya ƙara himma. In ta ji ta wadata ta sassauta. Shi ya sa mu 'yan nan sama muka fi mutanen birnin Denver da ke ƙasa yawan jini. Iskarmu ba kauri, ƙodojinmu sun saba da faɗa.”

“Shi nasa ɓargon fa?”

“Lafiya lau yake. Ma'aikata suna nan, kayan aiki suna nan. Mai maganar ce muryarta ta dushe.”

Eufemia ta jinjina kai. Shekara da shekaru tana yanka ƙodar rago tana soyawa da albasa, ba ta taɓa sanin abin nan mai kama da ƙwayar wake yana da wannan matsayi ba.

Duk da haka ta koma gida ta yi abin da ta iya. Ta soya hanta, ta dafa romon ƙashi, ta kai masa a kula. Likita ta tare ta a bakin ƙofa ta ce ta mayar, mai ciwon ƙoda ba ya shan romo mai gishiri haka, kuma ko tirelar hanta ya ci, in saƙo bai isa ɓargo ba, aikin banza ne. Ta ce yanzu ana yin sinadarin nan a kwalba, allura ce, za a riƙa yi masa da awo, don in aka zarce jini ya yi kauri ya toshe hanya. Allurar ta ɗan ɗaga shi, leɓɓansa suka yi ɗan ja. Amma ba ta hana ƙodojin ƙarasa mutuwa ba. Kafin ganyen itatuwa su yi rawaya, sai da aka fara yi masa wankin ƙoda, kuma babu injin a garin. Ya tattara ya sauka Pueblo wajen 'yarsa Araceli, inda asibitin yake kusa, iska kuma ta fi kauri ga mai ƙarancin jini.

Ranar tafiya ya jawo Alcalde har bayan gidan Eufemia ya ɗaure.

“Ba a gidana ba,” in ji ta.

“Yaya, wa nake da shi?”

Ta dube shi, rigar da ke cika masa ƙirji a da yanzu tana lilo a kafaɗarsa. Ta ce, “In ya taɓa mini shanya zan sayar da shi a yi abincin karnuka.”

A nan tsaye ta ce masa tana da ƙoda biyu, ɗaya ta ishe ta. Ya ɗaure fuska ya ce kada ta ƙara tayar da maganar nan. Ya ce ta ba shi ƙuruciyarta, ba zai karɓi naman jikinta ba. Ta ce to, kamar ta haƙura. Wanda ya san Eufemia ya san “to” ɗinta ba ya nufin komai.

Ba ta gaya masa ba ta tafi Denver aka gwada ta. Araceli ta riga ta gwada a ɓoye, jininta bai dace da na ubanta ba. Na Eufemia ya dace. Har ta fara gyara jaka za ta miƙe, ma'aikaciyar jinyar ta ce ta ɗan zauna tukuna. Nauyinta ya yi yawa, sukarin jininta kuma yana bakin iyaka. Ba za su cire wa mutum ƙoda su bar shi da ɗaya ba alhali ciwon sukari yana ƙwanƙwasa masa ƙofa.

“Nawa zan sauke?”

Matar ta faɗa. Eufemia ta auna a ranta, ya kai nauyin yaro ɗan aji ɗaya.

“'Yar nan, shekara talatin da wani abu ina ɗanɗana abincin yara ɗari uku. A ina kike so in ajiye shi?”

Ta dawo gida rai a ɓace. Tana fitowa daga mota jakin ya saki kuka, irin wanda ya ishi maƙwabta tun da maigidansa ya tafi. Dabbar da ta saba hawa dutse kullum, an bar ta a ɗaure tana kallon katanga, ta yi tumbi, ta ci rabin ƙyauren rumfar don haushi. Eufemia ta tsaya ta dube shi, shi ma ya dube ta.

“Kai ma ka yi ƙiba, ɓarawo,” in ji ta. Ta shiga ta nemo tsohon takalmin mijinta.

Fitarsu ta farko abin kallo ce. Ba su wuce layi biyu ba Alcalde ya kafe a gaban shagon aski, ta ja, ta tura, ta yi masa faɗa da duk harshen da ta iya. Waɗanda ake yi wa aski suka fito da kumfa a fuska.

“Uwargida Femia, doka ta ce kina iya goya shi!”

“Zo ka goya shi, ai kun yi kama!”

Da ya ga dama kuma sai ya zabura, ya ja ta a guje har gindin tudu, ta iso tana haki kamar za ta shiɗe, zuciya tana dukan haƙarƙari. Ta zauna a kan wani dutse, ta tuna an ce a kan dutse aka ga ƙanenta zaune, ta share ido da bakin gyale ta miƙe.

Sannu ba ta hana zuwa. Kullum in ta tashi daga aiki ta ɗauki igiya. Ta gano jakin ba ya son a ja shi ta gaba, sai a tsaya bayansa kaɗan a bar shi ya ɗauka shi ke jan ragama. Ta ce ai duk maza haka suke. Sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe hanyoyin dutse, suka koma bin titin da aka share, tururi yana fita daga hancinsu su biyu. Ta daina cin gurasar tortiya da man alade, ta koma ɗanɗana miya da bakin cokali maimakon ludayi. Yaran makaranta suka lura siket ɗinta yana juyawa a ƙugu.

Abin da bai bar ranta ba shi ne maganar likita. Wata rana a ɗakin girki tana sara ƙashin sa, sai ta tsaya tana dubawa. Na ƙafa ɓargonsa rawaya ne, kitse zalla. Na baya da na haƙarƙari kuwa ja ne, mai ƙananan ramuka kamar soso. Da Likita Ponikvar ta zo makarantar yi wa yara rigakafi, ta tare ta da ƙashin a hannu.

“Nan ne?”

“Nan ne, jan nan.”

“Guda nawa yake yi a rana?”

“Bar zancen rana, Yaya. A sakan ɗaya wajen miliyan biyu. Kafin ki rufe bakin nan da kika buɗe an yi wasu. Kuma kowace ƙwaya kafin ta fito sai ta zubar da duk kayan cikinta don ta samu wurin ɗaukar iska. Ba ta bar wa kanta komai.”

Tun daga ranar, in tana hawa tudu numfashi ya yi mata wuya, sai ta dafa bayanta wajen ƙugu ta ce a ranta, ƙodojin suna can suna ji, suna aika saƙo. Ita da ta yi rayuwarta tana ganin in ba ta tsaya a kan aiki ba ba zai yiwu ba, ga wani ɗakin girki a cikin jikinta da bai taɓa rufewa ba tun ranar da aka haife ta, ba a taɓa neman shawararta ba, kuma ba a taɓa yin kuskuren awo ba. Abin ya riƙa ba ta mamaki har a coci, Fada yana wa'azi ita tana kallon jijiyoyin bayan hannunta.

Duk lokacin sanyin nan ba ta sauka Pueblo ba, sai waya, tana fakewa da ƙanƙarar hanya. Da ƙanƙara ta fara narkewa ta koma Denver. Aka auna, aka sake aunawa, aka ce ta cancanta. Daga can ta zarce Pueblo.

Ta same shi a ɗakin wankin ƙoda, kwance a kujera da bargo har wuya, bututu biyu sun fito daga hannunsa, jininsa yana zagayawa cikin inji. Ya ɗaga ido ya gan ta, sai ya yunƙura zai tashi.

“Yaya! Me ya same ki? Ke ma ciwo kike yi?”

“Jakinka ne ciwona.”

Ta ja kujera ta zauna ta gaya masa komai. Ya saurara har ta gama, ya juyar da kai wajen bango.

“Na ce miki a'a.”

“Na ji. Ba roƙonka na zo yi ba.”

“In wani abu ya same ki a kan teburin nan, da wane ido zan dubi mutane? Da wane ido zan dubi Mama ranar da muka haɗu?”

“Mama ni ta bar wa kai, ba kai ta bar wa ni ba. Saurara, auta. Na hau duwatsun nan cikin ƙanƙara da dabbar da ba na ƙauna. Na ga biskit ɗin Kirsimeti na kau da kai. Ƙodar nan fita za ta yi. Sun ce akwai mutane da yawa a layi, in ba ka so su ba wani. Sai ka zauna a nan kana kallon inji, wani baƙo a Kansas yana yawo da ƙodar gidanmu.”

Wani tsoho da ke kujerar kusa, wanda ake zaton barci yake, ya buɗe ido ɗaya ya ce, “Baiwar Allah, in ya ƙi, ga ni.”

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da masu jinya. Amadeo ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ya rufe fuska da hannun da ba bututu. Ta bar shi ya yi mai isarsa, tana gyara masa bargo a ƙafa.

An yi aikin a farkon lokacin ɗumi. Da Eufemia ta farfaɗo, cikinta kamar an taka da mota, abin da ta fara tambaya shi ne ko ta kama. Araceli ta ce likitan ya ce tun kafin su gama ɗinki ta fara aiki. Eufemia ta lumshe ido ta ce, “Ai ba a gidan ragwaye ta tashi ba.”

Fitsari ya dawo a ranar, amma jini ba ya gaggawa. Aka dakatar da allurar, aka zuba ido. Makonni suka wuce, sannan a wani zuwa asibiti likitan dashen ya kira Eufemia ya ce ta leƙa madubin da ake duba jini. Ta ga 'yan faya-fayai birjik, masu ɗan rami a tsakiya. A cikinsu akwai waɗansu da suka ɗan fi girma, launinsu da ɗan shuɗi-shuɗi.

“Waɗannan jarirai ne,” in ji shi. “Jiya ko shekaranjiya suka fito daga ɓargo. Babu allura a jikinsa. Ƙodarki ce ta yi magana, ƙashinsa ya amsa.”

Ta daɗe a sunkuye a kan madubin har bayanta ya ƙage.

Kafin sanyi ya dawo Amadeo ya koma gida. Makon farko ko matakalar coci ya hau sai ya tsaya ya huta, Likita Ponikvar ta ce ya yi haƙuri, sabuwar ƙodar ta san garin, za ta yi abin da ya kamata. Haka kuwa aka yi. Ya fara cin abinci kamar fara, ya koma yawo da jakinsa, duk da yanzu Alcalde in ya ga Eufemia sai ya bar maigidansa ya bi ta, abin da ya ƙona wa Amadeo rai ƙwarai.

Sai kuma abu ya zarce. Wajen tsakiyar sanyi ya fara ciwon kai, kunnuwansa suna ƙara, idanunsa suka kaɗa, fuskarsa ta wuce ja ta koma kamar hanta. Ya ɓoye, don yana tsoron a ce jikinsa ne ke ƙin ƙodar. Eufemia ta gane da kallo ɗaya, ta sake tuƙa shi asibiti, wannan karon ba wanda ya kunna rediyo. A ɗakin jira ta riƙe carbinta har ya yi mata shaida a tafin hannu.

Likita Ponikvar ta fito da takardar gwaji tana ƙoƙarin danne dariya.

“Ƙoda lafiya lau, ku kwantar da hankali. Jini ne ya yi yawa. Yakan faru ga wasu bayan dashe. Sabuwar tana aika saƙo da ƙarfinta, tsofaffin nasa da ke ciki su ma suna ɗan sa baki, ga iskar garin nan. Ɓargon da ya daɗe yana zaman banza ya ji kira ta ko'ina, ya zage yana aiki ba ji ba gani. Jinin ya yi kauri, in aka bar shi zai iya toshe wata jijiya. Yau za mu rage, in ba shi wata ƙwaya da za ta sassauta abin, mu riƙa aunawa har ya daidaita.”

Amadeo ya dubi likita, ya dubi yayarsa, ya faɗa jikin kujera.

“Na sani! Na rantse na sani! Tun ina yaro take yi mini ihu a kunne, yanzu ta shiga ciki tana yi wa ƙasusuwana. Likita, ba ki da mai sanyin hali a ajiye?”

“Butulu,” in ji Eufemia. “Lokacin da ba ka da shi ka yi kuka, yanzu an cika maka ka yi kuka.”

“Cewa aka yi a ƙara gishiri, Yaya, ba a juye buhun ba.”

Aka kwantar da shi aka soka allura. Jinin ya biyo bututu a hankali, baƙi-baƙi, mai kauri, yana taruwa a leda. Eufemia ta matso da kujerarta tana kallo. Da ledar ta cika, mai jinya ta ƙulle bakinta za ta fita da ita, Eufemia ta miƙa hannu.

“Ba ni in taɓa.”

Aka ɗora mata a tafin hannu biyu. Da ɗumi, da nauyi, kamar sabon burodi. Ta ɗan jinjina shi. Mutumin da bara ba shi da jinin da zai hau matakala da shi, yau ga rarar da ƙasusuwansa suka yi har ana kwashewa.

“Wa za a ƙara wa?”

“Ba kowa,” in ji likita. “Da magungunan da yake sha ba a ba wani. Zubarwa za a yi.”

“Zubarwa? Duk wannan aikin?”

“Yaya Femia, kafin ku isa gida ya fara yin wani.”

Eufemia ta girgiza kai, ta miƙa ledar kamar mai rabuwa da tukunyar da ba a ci ba. Ta ce ita dai a ɗakin girkinta ba a yin haka.

Sau biyu aka ƙara rage masa jini a sanyin nan. Daga nan ƙwayar ta kama, awo ya sauko ya tsaya inda ake so, ciwon kai ya tafi. Ita kuma ƙodarta guda da ta rage, da aka duba, an tarar ta ƙara girma ta ɗauke aikin biyu ba tare da ta yi ƙorafi ba. Amadeo ya koma kan motarsa kafin ƙanƙarar ƙarshe, ana ganinsa da asuba yana share titin gaban makaranta, yana danna wa masu girki oda har sai shugabarsu ta leƙo ta taga ta ce masa ya bar tayar wa unguwa da hankali.